Baƙin Yatsan Yaya Cheba

Kuɗin Turawa ne ya makara, shi ne asalin abin. Da ya iso a watan Afrilu kamar yadda aka yi alkawari, da Yaya Cheba ta yi zaɓenta salin alin, ni ma da ban ƙara furfura a kwana uku ba.

Yaya Cheba ita ce Eusebia, yayata uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararta tamanin da ɗaya, idonta ya rufe tun shekara goma sha biyu da suka wuce, kuma tun da Allah ya halicce ta ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba. Ba ƙi ta yi ba. Lokacin yaƙi ne aka ƙone ɗakin takardu na garinmu Chuitzal, littafin da sunanta yake ciki ya zama toka, ita kuma a wurin gwamnati ta zama wadda ba a haifa ba. Ni sunana yana littafi na gaba, wuta ba ta kai gare shi ba. Ta haifi 'ya'ya bakwai, ta binne uku, ta binne miji, duk ba a haife ta ba. Sai bara na ɗaure ƙugu na yi sawu huɗu zuwa babban gari, da shaidu biyu tsofaffi, ɗayan ma sai an cicciɓe shi a sa a mota, har a farkon bana aka ba ta katin shaida. Da ta karɓa ta shafa shi ciki da baya, ta sa a haƙori ta ɗan ciza. Ta ce to, saura ta yi zaɓe ko sau ɗaya ne, ta ji abin da ake ji.

Ni ba son wahala ne ya sa ni ba. Da na haifi Macario nonona ya ƙafe a sati na uku, Yaya Cheba ce ta shayar da shi wata tara tare da nata. Ni Tiburcia ba na manta irin wannan. Wanda ya ba ni garwashi ranar da murhuna ya mutu ina sane da shi, wanda ya gan ni da kayan itace a hawa ya kau da kai, shi ma ina sane.

Ana nan sai ga wata ƙungiya daga babban birni, wai sunanta Muryar Kowa. Mu a Chuitzal mun saba da ƙungiyoyi. An koya mana wanke hannu sau uku, ƙungiya uku daban-daban. An koya mana kiwon zomo, zomayen suka mutu kafin a zo ɗaukar hotonsu. Duk tafiyarsu ɗaya ce: kujerun roba, ƙaton ƙyalle mai rubutu a bango, takardar dangwala yatsa a bakin ƙofa, sai tamal, alalen masara a ganye, da kofin kunun atol in rana ta raba. Waɗannan nasu aikin koyar da zaɓe ne, kuma ba kowa suke so ba. Masu ba su kuɗi daga ƙetare sun ce sai waɗanda aka bari a baya, wato tsofaffi da makafi da kurame da guragu da matan da ba su shiga aji ba. Shekara da shekaru ba wanda ya tambayi Don Lencho gurgu yadda ya kwana, rana ɗaya aka wayi gari mota mai tambari tana zagaye unguwa tana neman gidansa.

Shugabansu shi ne Lisensiyado Mazariegos, wato mai digiri, mai falmaran da aljihunanta sun fi goma, ko wanne ba komai ciki. Amma mai yin aikin yarinyarmu ce ta nan garin, Floridalma 'yar gidan masaƙa, wadda ta yi karatun malanta ba ta samu aji ba. Seño muke ce mata, kamar yadda ake ce wa malamai mata. Gurina ta fara zuwa, don a unguwarmu ko kaji za a tara sai an biyo ta ƙofata. Ta ce mutum arba'in ake so ko fiye, kuma kowane iri da kasonsa, makafi sai uku. Muna da biyu, Yaya Cheba da Don Tino. Na ce ta cike da Doña Chus, wadda ba ta ganin komai sai abin da ke cikin tukunyar maƙwabta. Ta yi dariya ta rubuta. Ni kuma aka ba ni girkin tamal.

An sa rana a Afrilu, Afrilu ta wuce shiru. An sa a Mayu. Seño ta ce wai takardar tana jiran sa hannun wani Bature da ya tafi hutu. Kuɗin bai faɗo ba sai da ya rage kwana tara a yi zaɓe, kuma ya zo da sharaɗi: a gama aikin kafin ranar, a aika hotuna, in ba haka ba kashi na biyu ba zai fito ba. Darasi shida da aka tsara za a yi cikin wata biyu, sai aka ɗure su cikin yini ɗaya. Ranar Alhamis ke nan, zaɓe kuwa Lahadi.

Mutum arba'in da uku suka zo zauren taron gari. Lisensiyado ya yi awa biyu yana magana, Seño tana juyawa zuwa yarenmu tana tsinke rabi, don in ta juya duka sai masara ta nuna muna zaune. Ya haska hotuna a bango, ya zaunar da makafi a layin gaba don girmamawa. An ɗauko wani mai maganar hannu tun daga birni saboda kurmanmu Chepe, ya yi ta wurga yatsu har ya yi gumi. Chepe kuwa maganar hannunsa tsakaninsa da ƙanwarsa ce, su suka ƙirƙiri abarsu tun suna yara. Ya zuba wa baƙon ido cikin ladabi, daga baya ya gaya wa ƙanwar cewa mutumin kirki ne, Allah ya ba shi lafiya. Yaya Cheba kuma aka miƙa mata takarda mai ƙuraje, irin wadda makafin birni ke karantawa da yatsa. Ta shafa ta ce kamar fatar kazar da aka fige. Lisensiyado ya tambayi abin da ta ce, Seño ta ce masa ta ce ta gode.

Bayan an ci tamal aka yi gwajin zaɓe, kuma gaskiya nan ne kawai aka yi abin kirki. An kafa ɗan ɗakin kwali, aka raba takardu biyar kala biyar masu hoton 'ya'yan itace a maimakon tambarin jam'iyyu. Seño ta riƙe hannun Yaya Cheba tana bi da shi gida-gida a kan takarda, ta nuna mata yadda ake jan gicciye kada ya tsallaka gidan maƙwabci, da yadda ake ninkewa huɗu. Sau uku Yaya ta ce a sake. Ina kallonta daga bakin tukunya, fuskar nan kamar ranar da aka kai ta ɗakin miji.

Daga nan Lisensiyado ya zaro wata 'yar kwalba daga jakarsa, ya ɗaga ta sama kamar limamin coci da kofin jibi. Ya ce wannan tawada ce ta gaske, irin wadda ba ta fita, da kyar ya samo ta. Wai a wancan aikin nasu sun shafa wa mutane tawadar biro, masu ba da kuɗi suka ce hoton bai yi kama da zaɓe ba. Kowa ya jefa takardunsa a akwati sai ya tsoma manuniya. Yaya Cheba ta tsoma har gaɓa ta biyu. Aka jera su a ƙarƙashin ƙyallen nan, Don Lencho da kekensa a tsakiya, kowa ya ɗaga baƙin yatsa, aka ce su yi murmushi. Ni ina kwashe kofuna, ban tsoma ba. Ba wayo ba ne, hannuna ne da maiƙo. Kafin la'asar motar mai tambari ta kama hanyar birni.

Ranar Juma'a Yaya Cheba ko wanke hannun ba ta yarda an yi ba. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta miƙa masa yatsa ta tambaya ko yana nan.

Asabar da safe Profe Cleto ya zo sayen ƙwai. Shi ne shugaban makarantar firamare, kuma shi aka naɗa shugaban teburin zaɓen da sunan gidanmu yake. Ya durƙusa ya gaida Yaya, ita kuma ta miƙa masa yatsan nan tana alfahari. Yana gani, ƙwai ɗaya ya kusa suɓuce masa. Ya ja ni bakin ƙofa ya tambaya a hankali ina ta samo wannan. Na gaya masa. Ya ce abu na farko da ake yi wa mai zaɓe a tebur shi ne a ce ya buɗe hannuwa. Wanda aka ga tawada a yatsansa ya riga ya yi zaɓe ke nan, kuma wakilan jam'iyyu suna zaune idonsu kamar na shaho. Ya ce zaɓe sau biyu ma maganar kurkuku ce.

Ya ce, "Su nawa ne, Doña Tiburcia?"

Na ce arba'in da uku. Ya cire hula ya sosa kai, ya mayar, ya tafi bai karɓi canjinsa ba. Na aika masa daga baya.

Kafin azahar labari ya gama gari, kuma a hanya ya yi ƙiba. A bakin kasuwa ana cewa tara za a ci, a gangare ana cewa shekara biyu ne, a can saman tudu har an ce sojoji za su zo da jerin sunaye. Tsofaffin da suka ga yaƙi kuwa ba a yi musu wasa da jerin sunaye. Ranar nan lemun tsami ya ƙare a Chuitzal. An gwada toka, an gwada kananzir, an gwada ruwan farar ƙasa da muke dafa masara da shi. Doña Chus ta shiga ɗakin wankan turiri har sai da aka fito da ita a sume, yatsa yana nan baƙi ƙirin. Don Lencho ya sa wuƙa ya kankare nasa, ya koma ja da baƙi.

Ni na zaunar da Yaya a tsakar gida na ɗauko dutsen goge kaushi. Fatar tsohuwa kamar bawon albasa ce, ban jima ina gogawa ba ta ɗaye. Saman ya ɗan dusashe, amma gefen farce da ƙarƙashinsa ko gezau. Na tsaya ina hura mata wurin.

"Bar shi, Tibu," ta ce. "Kin yi naki. Wata huɗu ke nan ina da suna, ai na ɗana."

Na ɗaure mata yatsa da tsumma, na yafa mayafina sai gidan masaƙa.

Na tarar da Seño a bayan gida idonta ya kumbura. Ta riga ta ji, ta kuma kira Lisensiyado. Ya ce mata wannan ɗan ƙalubale ne, za a sa shi a rahoto a sashen darussan da aka koya. Ya ce kada ta rubuta komai, kada ta sa hannu a komai, kada sunan ƙungiya ya fito a bakinta a rumfar zaɓe. In maganar ta shiga takardar hukuma, masu ba da kuɗi za su ji, kashi na biyu ya tafi, aikinta ma ya bi shi. Shi kam ba zai samu zuwa ba, a birni zai yi nasa zaɓen, don ɗan ƙasa nagari ne.

Na ce mata gobe ta zo da hotunan nan da ke wayarta ta nuna wa Profe a gaban kowa. Ta ce ba za ta iya ba, shekara uku tana neman aiki kafin ta samu wannan. Sai na jawo abin da nake da shi. Na tuna mata shekarar da babanta ya karye a gonar kofi, wa ya yi ta aiko musu da masara wata biyu? Uwarta tana zaune a gindin masaƙa tana ji. Ba ta ɗago ba ta ce ai ta kawo mini talotalo da Kirsimeti, namiji, mai ƙiba. Gaskiya ne, na ci shi. Na tuna mata bikin yayarta da na tsaya a kan tukunya kwana biyu. Uwar ta ce su ma sun tsaya a na Macario, kwana uku. Na laluba, na laluba, ba ni da komai a kan gidan nan. Mutanen kirki ne, ba sa barin alheri ya kwana, ka ji sharrinsu. Na dawo hannu rabbana.

Lahadi na tashi na tarar Yaya Cheba ta riga ta shirya. Ta sa rigarta ta saƙa mai jan wuya wadda ta ajiye don a binne ta da ita, ta kitse gashi da ƙyalle, katin shaida a cikin ƙirji. Ta kwance tsumman ta yar. Na ce ina za mu? Ta ce in korar ce ta fi so a kore ta a can, a gaban mutane, da sunanta.

Muka hau tuk-tuk, keken haya mai ƙafa uku, zuwa makarantar da ake zaɓen, ana ɗan yayyafi. Layi ya kai bakin titi, amma na duba ban ga ko ɗaya cikin 'yan ranar Alhamis ba. Tsofaffi ba sa bin layi, aka buɗe mana hanya har gaban tebur. Profe Cleto ya gan mu ya gyara zama. Ya karɓi kati, ya nemo sunanta a rajista, ya karanta shi da ƙarfi, Eusebia Ixcoy Tum. Ta ce ga ta. Ya ce ta buɗe hannuwa, ta buɗe.

Ko numfashi ba a yi ba Don Chilo ya miƙe. Shi ne wakilin masu tambarin tulu, mai shagon taki a bakin kasuwa, mutumin da in ya auna maka buhu sai ka sake aunawa a gida. Ya ce wannan baiwar Allah ta riga ta yi zaɓe, ga shaida a yatsanta, bai yarda ba. Profe ya nuna masa gurbin sunanta a rajista, fari fat ba dangwale. Ya ce to wa ya sani ko da sunan wata mamaciya ta yi a wani tebur?

Na ce, "Don Chilo, ƙarfe bakwai aka buɗe, yanzu bakwai da rabi. Makauniya 'yar tamanin da ɗaya ta yi zaɓe ta je gida ta sake riga ta dawo? Kai da idonka biyu taki ma ba ka aunawa da wannan saurin."

Layi ya kwashe da dariya, shi kuwa bai yi ba. Ya ce doka doka ce. Duk garin ya san labarin tawadar nan, shi ma ya sani, ƙanwar uwarsa tana cikin waɗanda suka tsoma. Amma ya ce shi bai san da wata ƙungiya ba, a kawo shaida a rubuce, in ba haka ba tsohuwa ta ba mutane wuri. Abin da yake ƙirgawa daban ne. Ya san gidana na masu tambarin malafa ne, 'yan Don Abundio ɗan takara, duk ƙuri'ar da ya tare riba ce. Profe ya ce shi ba zai iya ba da takarda ba sai wani daga ƙungiyar ya tsaya ya faɗa, a shigar a takardar tebur da sunansa da sa hannunsa. Ya faɗi haka yana kallon silin.

Muka tsaya cirko-cirko. Mutanen baya sun fara gunaguni, ruwa yana ƙaruwa. Na kama gwiwar hannun Yaya zan juya da ita, sai ta ƙi motsi, ta karkata kai kamar kaza mai sauraron shaho. Wani tari ta ji a cikin layi.

"Seño? Ke ce?"

Na waiga. Ga Floridalma can wajen mutum na goma, ta ja mayafi har hanci. Nata zaɓen ta zo yi da wuri don ta gudu kafin mu zo, ba ta san tsofaffi ba su da barcin safe ba.

Yaya ta ce, "Ban manta ba fa. Kada gicciye ya taɓa gidan maƙwabci, a ninke huɗu. Jiya da ganyen ayaba na yi ta gwadawa."

Ba roƙo ta yi ba, ba kuma zargi. Ni da ni ce da na tsine wa yarinyar har kakanninta, kuma da ba ta fito ba. Seño ta tsaya kamar an dasa ta. Sai ta sauke mayafin, ta fito daga layi, ta zo ta ajiye waya a kan tebur. Ga hoton nan, ga ƙyalle da sunan Muryar Kowa, ga kwanan wata, ga yatsu arba'in da uku a sama, har da na ƙanwar uwar Don Chilo tana washe bakin da ba haƙori. Profe ya ce za ta sa hannu? Ta ce ya rubuta. Ya rubuta a hankali yana karantawa, sunan ƙungiya, sunan Lisensiyado, ranar Alhamis, kwalbar tawada. Ta karɓi biro ta sa. Don Chilo ya nemi a rubuta cewa ya yi ƙorafi, aka rubuta masa, ya zauna.

Profe ya miƙa wa Yaya takardu biyar. Ya ce doka ta ba wanda ba ya gani dama ya shiga da mutum ɗaya wanda ya amince da shi, ya karanta masa, ya kai hannunsa inda ya ce. Na gyara mayafi na matso.

Yaya ta zare hannunta daga nawa. "Ba ke ba, Tibu."

Na ce me?

"Bango tsakanina da ke kara ne. Na ji ki kina ƙirga wa Don Abundio, kin ce goma sha ɗaya, da Yaya sha biyu. Kin kyautar da ita tun ba a ba ni ba." Ta miƙa hannu cikin iska. "Seño, zo mu je."

To, ba zan ɓoye ba, na ƙirga. Ranar da mijina ya cika a asibitin babban gari, motar Don Abundio ce ta kawo gawarsa gida, ko kuɗin mai bai karɓa ba. Mutum ya yi maka wannan, ka ce za ka kawo masa sha biyu, sai ka kai sha ɗaya? Amma a gaban jama'a, a gaban Don Chilo da yake ta tauna dariya, me zan ce? Na tsaya riƙe da sandarta ina kallon bayan kwali. Ƙafafuwa huɗu kawai nake gani. Sun daɗe. Na kasa kunne, Seño tana karanto mata tambari ɗaya-ɗaya cikin raɗa, ruwa kuma yana dukan kwano, ko kalma ban tsinta ba.

Ta fito da takardu a ninke huɗu-huɗu, ta laluba bakin akwati da kanta, ba ta bari an taya ta ba. Ta dangwala a rajista. Da aka zo tsoma yatsa Profe ya rasa yadda zai yi, na dama ya riga ya yi baƙi ga kuma ciwo. Aka yi 'yar shawara a tebur, aka tsoma na hagu.

Profe ya sa aka yi shela a lasifikar coci cewa masu tawada su fito, an warware. Mutum goma ne suka fito, da Yaya sha ɗaya. Sauran sun kulle ƙofa, wasu tun asuba sun shige gona. Don Lencho ya ce shi wanda ya kira shi da lasifika ba alheri yake nufi ba. Arba'in da uku aka koya wa zaɓe, talatin da biyu ba su yi ba, a cikinsu har da waɗanda shekara talatin ba su taɓa fashi ba sai bana da aka ilmantar da su. Na ji daga baya an buga ɗan littafi mai sheƙi da hoton nan a bangonsa, kashi na biyu ma ya fito. Seño ce kawai ba a sake kira ba, yanzu tana taya uwarta saƙa. Ita kam tana da abu a kaina, kuma na sani.

Da muka fito daga makaranta ruwa ya tsagaita, Yaya ta ce ba ta son tuk-tuk, a ƙasa za mu koma. Na riƙe ta muna hawa a hankali. Na bari sai da muka wuce shagon taki, sannan na ce ruwa ya yi daɗi bana, masara za ta yi. Ta ce za ta yi. Na ce malafa dai ba ta da wuyar ganewa, tana layi na biyu. Ta ce haka Seño ta ce. Na ce tulu kuwa ai ko kare ba zai zaɓa ba. Ta ce karnuka ba su da kati.

Na tsaya a tsakiyar hanya. Na ce, "Yaya, sawu huɗu na yi zuwa babban gari."

"Kin yi, Allah ya saka. Ni wata tara na yi, ban taɓa tambayarki abin da Macario ya zama ba." Ta ja hannuna. "Mu je, ƙafata ta yi sanyi. Akwai sauran waken jiya?"

Akwai. Na ɗumama mata, ta ci da tortiya huɗu, wainarmu ta masara, yatsu biyu a miƙe don kada su taɓa miya.